Kanwar da Wule Ta Lasa

Gidan Gabdo shi ne na ƙarshe a gefen Mayo Bani, daga shi sai gonakin dawa, daga gonakin sai dutse. Ran nan da yamma liƙis, lokacin da inuwar dutsen ta fara sauka a kan gonaki, komai na gidan yana tafiya yadda ya saba. Goggo Habibat, yayar Gabdo, tana gaban murhu tana masifa da ɗanyen icen da ya ƙi kamawa. Gabdo yana zaure yana tufkar igiya. 'Yarsa Hapsatu kuma ta ɗauki ƙwarya ta nufi turke, inda Wule take tsaye tana jiranta.

Wule saniya ce ja mai farin goshi, kuma ita kaɗai ta rage wa Gabdo cikin abin da a da ake kira garkensa. Shekarar da aka gudu daga Mubi shanunsa suka watse, wasu aka kora, wasu ƙishirwa ta kashe a hanya. Matarsa Falmata ce ta ɗaura igiya a wuyan wata 'yar maraƙa ta yi ta janta a kan duwatsu, ga Hapsatu riƙe a ɗaya hannun, mutane suna ce mata ta saki dabba ta tsira da ranta, ita kuwa ko waige. Maraƙar nan ita ce Wule. Falmata ta dawo da ita gida, ta rene ta har ta zama saniya, sannan ciwo ya kwantar da ita, Allah Ya karɓi abinsa. Tun daga ranar Hapsatu ta rage magana da mutane. Da Wule take hira. Takan jingina goshinta a cikin saniyar tana tatsa tana ƙus-ƙus, in ka matso ta yi shiru.

A daminar nan Wule ta haifi mace. Gabdo, wanda ya daɗe da daina maganar gobe, sai ga shi yana tsayawa a bakin turke yana kallon 'yar maraƙar nan yana murmushi shi kaɗai. Goggo takan ce masa, "Kai dai kalle ta da kyau, wataƙila kafin gobe ta zama garke." Shi kuwa abin da yake gani ke nan.

Akwai wani abu da ya shigo gidan a makon, wanda ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Ruwan sama ya zaizaye gindin dutsen, a wani tsohon kufai da ko tsofaffin unguwa ba su san masu shi ba. Ƙasa ta buɗe, ga tsingaro masu zane, ga kashin maƙera, ga ƙasusuwan dabbobi sun yi fari fat. Gabdo ya biyo ta wurin da damin ciyawa, ya hango wani dutse mai kwarmi a tsakiya, sumul, kamar an yi shekaru ana lasarsa. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya wuce abu mai amfani a yashe, ga shi tsohon kwanon da yake zuba wa Wule kanwa ya hude. Ya je ya aro baro, ya turo dutsen har gida yana gumi, ya ajiye a gindin turke, ya jiƙa kanwa a ciki. Wule ta lashe tas, har tana neman ƙari.

To, a yammacin nan Hapsatu ta saki maraƙar ta ɗan tsotsa yadda aka saba don nono ya sauko, ta janye ta, ta durƙusa da ƙwarya. Hantsar a cike take, amma ko ɗigo bai fito ba. Wule ta ɗaga kai ta miƙe kunnuwa, ta zuba wa dutsen bayan gonaki ido. Kajin da ke hawa bishiya suka yi tsit. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan kuka kowace magariba, su ma kamar an rufe su da faifai. Har hayaƙin murhun Goggo ya miƙe sak, babu iskar da za ta karkata shi.

Sai aka yi kiran. Daga wajen dutsen ya taso, muryar mace, doguwa, a hankali, irin kiran da ake yi wa shanu su dawo gida. Kalmomin ba Fillanci ba ne, ba Hausa ba, ba kuma wani yare da ake ji a kasuwar Mubi ba. Amma yadda muryar take hawa ta sauka, ta ja ƙarshen kalma ta sake shi a hankali, haka Falmata take kiran Wule.

Ko yaron goye a unguwar ya san ba a amsa kiran magariba in ba a ga mai kiran ba. Hapsatu ma ta sani. Amma ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta, ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi wani haske da ba a gani ba tun ranar jana'iza.

Ta ce, "Na'am, Dada." Da sunan nan take kiran uwarta.

Goggo ta yar da muciya ta rugo ta toshe mata baki da tafin hannu. "A'uzu billahi! Wa kika amsa wa? Wa kika gani?"

A daidai lokacin ne jifa ta farko ta sauka a kan rufin kwano, ƙarar ta ratsa gidan har zaure.

Gabdo ya fito da sanda ya zagaya bayan gida, yana zaton yaran unguwa ne. Babu kowa, sai dawa tsaye shiru. Yana tsaye jifa ta biyu ta sauka, ta uku ta biyo, ba da sauri ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe. Ba a daina ba sai da jan sararin yamma ya gushe aka kira isha'i. Da safe da Goggo ta zo shara, ba duwatsu ta tara ba. Tsingaro ne masu zanen igiya a jiki, da guntayen ƙashi, da wasu 'yan duwatsu masu tsini da aka fere su kamar bakin kibiya.

Haka abin ya zama kowace magariba. Shirun ya fara sauka, kiran ya biyo, sannan jifa. Wule ta riƙa jan igiya har wuyanta ya saɓule. Hapsatu kuwa ta daina cin tuwo, ta daina shan fura, idanunta suka faɗa. Wata rana Goggo ta same ta durƙushe a gindin turke, ta sa fuska cikin kwarmin dutsen tana lasar kanwa kusa da bakin saniya. Goggo mace ce mai baki, ba abin da ke wuce ta ba ta tofa ba, amma ran nan komawa ta yi bayan ɗaki ta sa gefen zane a baki ta yi kuka.

An kai yarinyar asibiti a cikin gari, aka ɗibi jini, aka yi mata ƙarin ruwa, aka ce ba a ga ciwo ba, a dai ba ta abinci mai kyau. Suka dawo da ita a keke napep tana jingine da kafaɗar Goggo, ido a buɗe, tana kallon dutsen tun daga nesa.

Maƙwabciyarsu Roda, wadda ta yi zaman mutunci da marigayiya Falmata, ta shigo dubiya da kunun gyaɗa a kwano. Tana wucewa ta gaban turke ta ja ta tsaya cak.

"Malam Gabdo, wannan dutse a ina ka samu shi?"

Ya faɗa mata.

Roda ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. "Yesu. Kakana mace na ƙabilar Gude yana faɗa mana, mutanen da da suka zauna kan dutse, suna da irin wannan. Ba na niƙa ba ne fa. Ba a ɗauka shi, ba a zauna a kai, ko akuya ba a bari ya je kusa. Ni ban san dalili ba, haka dai muka ji. Ka mayar, don Allah. Yau yau."

Gabdo bai yi gardama ba. Ya sake aro baro ya tura dutsen har kufai, ya ajiye shi daidai inda ya ɗauko, har da gyara masa zama. Ya dawo yana jin sauƙi a ransa. Magariba na yi shirun ya sauka, ya leƙa turke, ga dutsen nan a gindinsa, kwarmin a jiƙe, Wule tana lasa.

Daga ranar ne Hapsatu ta fara tashi. Da an yi kiran sai ta miƙe ta nufi ƙofa, ba gudu, ba magana, amma ƙarfin da ke jikinta ya fi na maza biyu. Sau ɗaya sai a tsakiyar gonar dawa aka cim mata, ƙaya ta tsattsage mata ƙafa ba ta ma sani ba. Dole Gabdo ya ɗauko igiyar da ya tufka da hannunsa, ya naɗe ta da tsumma don kada ta ji mata ciwo, ya ɗaure ƙafar 'yarsa da ƙafar gado. Ya ɗaure dabbobi iyakar rayuwarsa, bai taɓa ɗaure mutum ba sai ran nan. Da ya gama ya fita zaure ya zauna, ya kasa haɗa ido da kowa.

Goggo ce ta ce a je garin Uba a ɗauko wani malami, Modibbo Zubair. Tsoho ne siriri, ba ya son hayaniya, ba ya yawo da layu ko turare, daga shi sai carbi da butarsa. Ya iso bayan la'asar. Bai fara shiga ɗaki ba, sai da ya zagaya gidan, ya tsaya a turke ya daɗe yana kallon dutsen, ya ɗauki tsingaro ɗaya daga tarin da Goggo ta share ya jujjuya shi a hannu. Sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a fito da yarinyar.

Aka zaunar da ita, Goggo na riƙe da ita ta baya. Modibbo ya zauna daga gefe ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Rana ta yi ta sauka. Inuwar dutsen ta haye gonaki, ta haye katanga, ta shigo tsakar gida. Jikin Hapsatu ya ɗauki ɓari, gumi ya jiƙa mata riga, ta sandare, ta saki wani nishi mai tsawo. Da ta ɗago kai, fuskar tata ce, amma wadda ke kallo ta cikin idanun ta tsufa ƙwarai.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni." Muryar mace ce, mai kauri, a gajiye.

Modibbo ya ce, "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Makiyayiya ce ni, kamar mai gidan nan."

"Aljana da kiwo?"

Bakin yarinyar ya ɗan motsa kamar za a yi dariya, ba a yi ba. "Ina nan tun ba a haƙa rijiya ko ɗaya a ƙasar nan ba. Garkena ya fi na kowa. Barewa tawa ce, gwanki nawa ne, ɓauna tawa ce, har gadar da ke ɓuya a ƙarƙashin dutse. Kowace magariba ina kiransu su zo su lashi kanwa a dutsena, in duba mai ɗingishi, in ga wadda ta haihu."

Ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin da ta daɗe ba ta sami mai saurare ba.

"Sai mutane suka hau dutsen suka yi ɗakuna. Yunwa ce ta kawo su. Kibansu na dutse ne, sukan wuni suna bin dabba su dawo hannu biyu, 'ya'yansu na kuka har ina ji. Suna da 'yan shanu gajeru marasa tozo, da awaki, suna kwana ɗaki ɗaya da su saboda kura. Na ji tausayinsu. Muka yi magana da tsohuwarsu, muka raba. Abin da aka ɗaure da igiya nasu ne, ba ruwana da shi. Abin da ya lashi kanwa a dutsena nawa ne. In yunwa ta matsa musu in ware musu tsoho ko gurgu su harba, su ci, su kawo ƙashin su binne a gindin dutse don in san inda dabbata ta kwana. Muka zauna lafiya, kakanni da jikoki, ban san iyakarsu ba."

"Sai me ya faru?" in ji Modibbo.

"Sai suka koyi narka ƙarfe. Da kibiya ta yi kaifi suka daina tambayata. Suka harbi mai ciki, suka harbi mai shayarwa. Daga baya su ma suka ƙare, wasu cuta ta kwashe, wasu suka sauka kwari. Waɗansu suka zo da bindiga, waɗansu da wuta, aka nome dajin kaf. Ni kuwa ban daina kira ba, malam. Kowace magariba ina kira, babu mai zuwa. Har ƙasa ta rufe dutsen." Muryar ta karye. "Sai ran nan na ji harshe a kansa."

Gabdo ya sunkuyar da kai. Ya san irin wannan kiran. Shi ma ya yi shi a daji shekarar gudu, yana kiran shanunsa da sunayensu har muryarsa ta dushe.

Modibbo ya ce, "Mun ji na saniya. Yarinyar fa? Ba dabba ba ce, ba kuma taki ba ce. Wannan zalunci ne, kuma Allah ba Ya barin azzalumi, mutum ne ko aljan."

"Saniya na kira, yarinya ta amsa. Ta ce min Dada. Tun da nake ba a taɓa kirana da wannan suna ba."

"Kin san ke ba uwarta ba ce."

"Na sani. Ita ma ta sani." Idanun suka juyo kan Gabdo. "Kai ne uban? Tana nan cikin gidanka tana bushewa tun da aka binne uwarta, kana wuce ta kamar turmi. Ko sunanta ba ka taɓa kira ba. Ni na kira sau ɗaya ta taso."

Maganar ta soki Gabdo har ya dafa ƙasa. 'Yar fari ce, kuma a gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, kunya ce da aka gada. "Ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan". Bai taɓa tunanin akwai abin da hakan ya rage mata ba. Yana sonta fiye da numfashinsa, amma a ina za ta gani?

Modibbo ya ɗaga murya ya koma karatu. Jikin yarinyar ya murɗe, ta yi ƙara, jini ya ɓullo mata a hanci. Goggo ta fashe da kuka tana cewa, "Modibbo, useni, don Allah a hankali, za ta mutu!"

Ya dakata. Muryar ta dawo tana haki.

"Za ka iya fitar da ni da ƙarfi, na sani. Amma sai na riƙe gam, abin da zai rage muku ba zai gane ku ba. Ga magana. Ɗaya zan ɗauka. Ko saniyar da ta lashi kanwata, ko yarinyar da ta amsa kirana."

"Ba a yanka wa aljani a gabana," in ji Modibbo.

"Wa ya ce a yanka? Jinin da na gani ya ishe ni. A kwance mata igiya kawai, ta zo da ƙafarta. In ta iso kafin jan yamma ya gushe, na saki 'yarku, ba ni ba gidan nan har abada. Na rantse da Wanda kake karanta maganarsa."

Gabdo ya ɗago. "Maraƙar fa?"

"Nono take sha, ba ta taɓa dutsena ba. Taka ce."

Daga masallacin unguwa aka kira magariba. Suka yi salla a nan tsakar gida, Modibbo a gaba. Da suka sallame ya juyo ya dubi Gabdo.

"Ni ba zan ce ka ba ta ba, ba kuma zan ce ka hana ba. In ka ce in ci gaba, zan ci gaba har ta fita, da yardar Allah. Amma a jikin 'yarka ake faɗan, ka kuma ga abin da ya rage na jikin. Dabbarka ce, 'yarka ce."

Gabdo ya dubi Hapsatu. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, jinin hancin ya bushe a leɓenta. Ya tashi ya nufi turke.

Ƙullin igiyar ya yi tauri, sai da ya sa haƙori. Ya zare ta daga wuyan Wule, ya buɗe ƙofar baya da ke kallon gonaki, ya koma gefe. Kiran ya taso daga dutse. Wule ta miƙe kunnuwa, ta taka har bakin ƙofa, ta tsaya. Maraƙar ta yi kuka daga inda take ɗaure. Wule ta juyo ta dawo ta tsaya a kanta tana lasarta.

Ya tura ta, ta ƙi. Ya ja ta da ƙaho har waje, yana saki ta komo. Ya ɗauki sanda, shi da bai taɓa dukan saniyar nan ba saboda wadda ta rene ta, ya zabga mata a gindi, ya ƙara. Wule ta zagaya turke ta koma gun 'yarta, ta juyo tana kallonsa da manyan idanunta, ba ta gane laifin da ta yi ba. Sandar ta faɗi daga hannunsa.

Daga kan tabarma muryar ta ce, "Ba zan ja ta ba. Ga jan yana tafiya."

Ya duba yamma. Gaskiya ne, saura kaɗan a bakin dutse.

Babu makiyayin da bai san yadda ake tafiyar da saniyar da ta ƙi tafiya ba. Gabdo ya sani tun yana yaro, ya kuma san tun ɗazu, yana dai ta kauce wa sanin ne. In ka ɗauki ɗanta, za ta bi ka ko cikin wuta ne. Ya kuma san sauran: in ya kai ta ya dawo da maraƙar, a bayansa za ta dawo. Aljanar ta bar masa maraƙar da gaskiya, amma babu hanyar da zai riƙe ta.

Goggo ta gane abin da zai yi. "Gabdo! Ita ke nan fa. In ta tafi, na Falmata ya ƙare, naka ma ya ƙare."

"Na sani, Adda."

Ya kwance maraƙar, ya durƙusa ya saɓa ta a wuya, ƙafafun gaba a hannu ɗaya, na baya a ɗaya. Tana da ɗumi, zuciyarta na bugawa a ƙeyarsa. Ya fita ta ƙofar baya ya shiga gonar dawa. Bai waiwaya ba, ba ya bukata. Yana jin takun Wule a bayansa, da hucinta a gadon bayansa, tana ɗan kuka ƙasa-ƙasa tana miƙo baki tana lasar ƙafar 'yarta. Ta yarda da shi, shi ya sa take binsa. Wannan ne ya fi komai yi masa ciwo, ya yi ta tafiya hawaye na zuba ba hannun sharewa.

Da ya isa kufai, dutsen kanwar yana can a mazauninsa, ya riga shi zuwa. Wurin shiru, ƙasusuwan nan farare suna ɗan haske a cikin zaizayar. Ya sauke maraƙar a hankali. Ta miƙe tana tangaɗi ta shige ƙarƙashin uwarta ta kama nono, Wule ta sunkuya tana lasar bayanta. Gabdo ya ɗora tafinsa a farin goshin nan. Ya ja da baya a hankali tun hankalinta na kan 'yarta, ya juya ya kama hanya.

Ya kai tsakiyar gona sa'ad da aka sake kiran, a kusa ƙwarai, kuma a karon nan babu kuka a cikinsa. Wule ta amsa, doguwar amsa. Ya ji takunta da na maraƙar suna hawa kan duwatsu, suna nisa, har ya daina ji. Sai ga kukan gyare ya dawo, kwaɗi suka ɗauka a bakin rafi, wani kare ya yi haushi a cikin unguwa.

A ƙofar gida ya tsaya. Daga ciki ya jiyo Goggo tana hamdala tana kuka, ya jiyo Modibbo yana cewa a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Sannan ya ji wata 'yar murya siririya, wadda ya yi makonni bai ji ba.

"Goggo, me ya sa gidan ya yi shiru haka?"

Ya shiga. Tana zaune jingine da bango, kofi a hannunta, idanunta nata ne. Ta dube shi, ta dubi turke, ta ga igiya a yashe a ƙasa.

"Baba, ina Wule?"

Ya durƙusa a gabanta. Ya shirya ƙarya tun a hanya, cewa ya kai su wurin wani ɗan'uwa a Uba, amma da ya ga fuskarta sai ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Har da ƙaramar?" ta ce.

Ya gyaɗa kai.

Ba ta yi ihu ba, ba ta tambayi dalili ba. Ta ajiye kofin, ta daɗe tana kallonsa, hawaye na gangarowa. Can ta miƙo hannu ta kama nasa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama, ta kai tafinsa fuskarta. Warin maraƙar yana nan a jiki, da na gashin Wule. Ta rufe ido ta shaƙa, ta sake shaƙa.

Aka kira isha'i. Modibbo ya tashi ya ɗauki butarsa, Goggo ta turo wa Gabdo tasa butar kusa da ƙafa don alwala. Ya motsa zai zare hannun, ta ƙara riƙe shi da hannu biyu.

"Baba, kada ka wanke tukuna."